Tambayi Baba Magini: Gyaran Gidan Dangi Kafin Saukar Damina

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: damina ta kusa, kowa kuma yana da gidan wani nasa da yake son ya sa hannu a gyara. Abin ya faranta mini rai, don da haka muka taso a cikin birnin Kano. Da bazara ta tsaya za ka ga samarin gida sun cire riga, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na miƙa wa wanda ke kan soro, mata na dama fura. Na ɗauko wasiƙu biyar. Ta farko za ta fi cin wuri, saboda maganar rai ce.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Gwaggona tana zaune a gidan ƙasa a wajen Dala. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk mata ne suna gidajen aurensu. Gindin bangon ɗakinta yana zaizayewa, kullum sai ta share ƙasa. Ni da 'yan'uwana mun haɗa kuɗin siminti buhu 6, muna so mu yi wa bangon fulasta a ƙarshen mako. Yashi nawa za mu sa wa buhu ɗaya?
*Wani ɗalibi, daga Gwammaja*

Amsa: Allah ya yi muku albarka ɗana, ya ba ku masu yi muku. Amma ku riƙe kuɗin nan tukuna, kada ku sayi ko buhu ɗaya sai kun gano inda ruwa yake shiga bangon. Bangon ƙasa ba ya zaizayewa daga gindi haka kawai. Danshi ne yake hawa daga ƙasa, yana ɗauke da gishiri, idan ya bushe sai gishirin ya farfasa ƙasar ta riƙa zubowa.

Ka je gidan da safe ka zagaya bayan ɗakin. Abu na farko, ɗaga kai ka dubi indararo. Idan ya karye ko ya yi gajere, ruwan saman soro yana bin jikin bango ne ya taru a gindinsa. Na biyu, dubi makwararin gidan da na maƙwabta, ka ga ko akwai wanda ya bi ta jikin wannan bangon, ko kuma banɗaki ne a bayansa. Na uku, wanda ya fi yawa a cikin gari yanzu: lungu ya fi gida tudu. An yi ta ciko ana zuba kankare a lungunan, gidajen da ke nan tun kakanni suka koma rami, ruwan lungu yana kwanciya a jikinsu. Duk wanda ka samu a cikin ukun nan, shi ne aikinku na ranar farko. Ku sa sabon indararo mai tsawon da zai watsa ruwa nesa da bango, ku gyara makwarari, ku yi ɗan dakali mai gangara a gindin bangon ta waje. A wannan dakalin ne simintinku zai yi amfani.

Shi kuwa shafa siminti a jikin bangon ƙasa mai danshi, kamar a rufe gyambo da leda ne. Siminti ba ya kama ƙasa da gaske, kuma ba ya barin danshi ya fita. Shekarar farko za ku ga bango ya yi sumul, kowa ya yaba. Daga nan sai ya fara ƙananan tsaga, ruwa ya shiga ta baya, ƙasar ta yi laushi a inda ido ba ya gani. Ka shiga Yakasai ko Ƙofar Mata ka ƙwanƙwasa irin waɗannan bangaye da bayan yatsa, za ka ji suna amsawa kamar ba komai a ciki. Fulastar ta rabu da ƙasar ke nan, ranar da za ta faɗo kuma da faɗinta take faɗowa.

Abin da bangon gwaggonka yake so shi ne irin abin da aka gina shi da shi. Ku kankare duk abin da ya saki har ku tarar da ƙasa mai tauri, ku bar wurin ya sha iska. Ku samo jar ƙasar gini, ku kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, ku tattake da ƙafa sosai, ku rufe ta ta kwana biyu ko uku tana tsima kuna ƙara mata ruwa. Ranar yaɓe ku ɗan yayyafa wa bangon ruwa, ku riƙa jefa ƙasar da ƙarfi tana shiga ramukan, sannan ku bi da tafin hannu. Kada ku cike rami mai zurfi a tashi ɗaya. Ku yi shafi ɗaya ya sha iska, gobe ku ƙara. Kada kuma ku kankare gindin bangon gaba ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ku yi kamu biyu ku tsallake kamu biyu, sai na farko ya bushe ku dawo kan wanda kuka tsallake, don bangon ya samu abin tsayawa a kai.

Idan kuna son yaɓen ya daɗe, ku nemi makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ruwansa. Shi yake ba bango wannan duhun ja mai sheƙi, yana kuma tare ruwa. Magina na da suna haɗa laso, wato simintin gargajiya, da katsin da ake kwasowa daga marina, irin ta Ƙofar Mata, su shafe saman soro da shi. Kada wani ya ce maka ginin ƙasa ginin talauci ne da ba ya ƙarko. Gidan Rumfa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ga kuma Gidan Makama, duk da tubali da azara aka fara su. Abin da ya riƙe su shi ne ana bin su da gyara.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Kafin ku taɓa komai, shiga ɗakin ka dubi azara. Ka ɗauki doguwar ƙusa ka soka a bakin kowace azara, daidai inda ta shiga bango. Giginya itace ce mai tauri, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan ta daɗe tana shan ruwa bakinta yana ruɓewa. In ƙusar ta shige ba gardama, ko ka ga rufin ya yi ciki ya sauko, ko akwai tsaga a bango da yatsunka za su shiga, ko bangon ya karkata waje, to wannan ya fi ƙarfin aikin gayya. Ku mayar da gwaggo wani ɗaki a ranar, ku kira maginin gargajiya. Har yanzu akwai su a cikin gari, dattawan unguwa za su nuna muku. Ɗakunan ƙasa sun fi faɗuwa a watan Agusta, bayan an jera kwanaki ana ruwa, sau da yawa kuma cikin dare mutane na barci.

Wani abu da samari ke yi da kyakkyawar niyya: duk shekara a ƙara ƙasa a kan soro ba tare da an kwashe tsohuwa ba. Nauyi yana taruwa, ruwa ya jiƙa shi ya ƙaru, azarar da ke ƙasa kuma ba ta ƙaru ba. Ku kankare wadda ta mutu kafin ku zuba sabuwa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ɗakin mahaifiyarmu rufin kwano ne, bara ya yi ta yoyo har silin ya yi baƙi. Ƙanena ya hau ya shafa kwalta daidai saitin inda yake ɗiga, amma bai daina ba. Bana me za mu yi?
*Wata uwargida, daga Rijiyar Lemo*

Amsa: 'Yata, inda ruwa yake ɗiga ba lallai nan ne ƙofar ba. Ruwa yana shiga ta sama, ya bi jikin katako ya gangaro, ya sauka a wani wuri daban. Ki ce wa ƙanen naki ya cire silin ɗaya da tsakar rana ya leƙa ciki. Duk inda ya ga ɗigon haske, ƙofa ce. Ya kuma bi sawun baƙin da ruwa ya bari a jikin katako har zuwa mafarinsa.

Yawancin yoyon kwano daga ƙusa ne. Ƙusar kwano a kan tudun kwano ake buga ta. Idan aka buga a cikin kwari, inda ruwa ke gudu, dole ta yi yoyo. Wadda iska ta girgiza ta ɗago, a zare ta a sa sabuwa mai hula da roba. Sai mahaɗar kwano: a gefe ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, a tsaye kuma ya hau da kamar santimita 15. Idan ginin irin wanda aka ɗaga bango ya ɓoye kwanon ne, to ya fara da magudanar da ke bayan bangon. Ƙurar hunturu da leda suna cike ta, ruwan farko ya rasa hanya ya koma cikin ɗaki. Sau da yawa shara kawai ake yi yoyo ya ɗauke.

Ya hau da sassafe kafin kwano ya ɗauki zafi, ya taka layin ƙusa kawai don a nan katako yake. Wani ya riƙe masa tsani, kuma gindin tsanin ya nisanci bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. Ya lura da wayar wuta da ta shigo gidan daga turke, don a gidaje da yawa ta bakin kwano take wucewa.

Silin ɗin da ya yi baƙi, idan tsohon farin nan ne mai tauri da ake kira asbesto, kada a fasa shi ko a yanka da zarto. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. A jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshin a sauke shi ɗungurungum, mai aikin ya rufe hanci da baki, Hajiya da yara su bar wurin.

Tambaya: Malam, yayana zai yi aure bayan Sallah. Muna so mu fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu ya zama falo. Gidan bulo ne, akwai dakin, wato rufin kankare, a sama an ɗora ɗaki ɗaya. Abokina ya ce da guduma babba cikin yini ɗaya za mu gama.
*Wani mai shago, daga Unguwa Uku*

Amsa: Allah ya sanya alheri. Gaskiya ne cikin yini ɗaya za ku rushe shi, amma ban yarda ku ɗaga gudumar ba. Gida mai dakin, kuma da ɗaki a sama, ba a cire masa bango sai injiniyan gini ya zo ya gani da idonsa. A gidaje da yawa na unguwanninmu ba a zuba ginshiƙai isassu ba, bangon bulo ne yake ɗauke da dakin ɗin. Ka cire shi, dakin ba zai faɗo nan take ba. Zai fara tsagewa a hankali, ya sauko ranar da falon ya cika da mutane.

Ga abin da za ka iya dubawa da kanka kafin injiniyan ya zo. Auna kaurin bangon: bulo mai inci 9 yawanci na ɗaukar kaya ne, mai inci 6 sau da yawa na raba ɗaki ne, duk da cewa na sha ganin an ɗora dakin a kan mai inci 6. Hau sama ka ga ko bangon ɗakin sama a kan wannan yake zaune. Dubi soket da makunnin fitila da ke jikinsa, don akwai waya a ciki. Ka nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Kuɗin zuwansa bai kai kuɗin fentin falon ba. In kuma kuna da niyyar ƙara wani ɗaki a sama nan gaba, wannan sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.

Idan ya ce za a iya, zai sa a tokare dakin ɗin ta ɓangarori biyu kafin a cire bulo ko ɗaya, sannan a zuba bim, wato dogon kankaren da zai ɗauki nauyin dakin ɗin, da rodi yadda ya ƙayyade. A nan ne ku 'yan'uwa za ku yi amfani: ku ne masu kwaɓi da ɗauka da tsayawa a kan awo. Kankaren irin wannan aiki ba ya yin ƙasa da siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan kwanon sarki biyu, ke nan buhu ɗaya yana cin kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Kada ku bari a tsinka shi da ruwa don ya yi sauƙin zubawa, yawan ruwa yana kashe ƙarfinsa. Bayan an zuba ku riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, ku rufa masa jiƙaƙƙen buhu saboda zafin Kano. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, don haka kada gaggawar jere ta sa ku cire tokara kafin ranar da injiniyan ya faɗa. In lokaci ya ƙure, amarya ta tare a ɗakunan yadda suke, a yi aikin daga baya.

Tambaya: Baba, kawuna ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, ya ce in ja masa waya daga soket ɗin da ke kusa tunda na ɗan iya. Akwai matsala?
*Wani matashi, daga Hotoro*

Amsa: Akwai. Ita tana son layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta, da nata makatsin, da waya mai kaurin da zai ɗauke ta, yawanci milimita 4. Wayar soket 2.5 ce, ta fitila 1.5, kuma na sha buɗe soket in tarar an sa masa ta fitila. Wayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi a cikin bango ko cikin silin, daga nan gobara take tashi.

Canja ƙwan fitila ko fuskar soket, wannan za ka iya. Ka fara gwada testa a inda ka san akwai wuta don ka san tana aiki, ka kashe wutar gidan daga babban makashi, ka tabbatar janareta da inbata su ma a kashe suke, sannan ka gwada inda za ka taɓa. Wutarmu volt 230 ce, tana kisa. Akwatin rarraba wuta na mai wayarin ne, mita da turke kuma na ma'aikatan kamfanin rarraba wuta, KEDCO, ne. Ka gaya wa kawu cikin ladabi cewa wannan ya wuce saninka, ka nemo masa ƙwararre, ka tsaya tare da shi har ya gama.

Tambaya: Baba, mahaifinmu ya rasu, ba a raba gado ba, mahaifiyarmu da ƙannena suna cikin gidan a Kurna. Ni ne babba. Ina so in canja kwano in sa tayil da kuɗina. Matata ta ce in yi hattara kada gobe ya zama rigima. Ni kuma ina jin nauyin in yi wa 'yan'uwana maganar kuɗi. Akwai kuma ɗan baffanmu kafinta, ina tunanin shi zai yi aikin tunda na gida ne.
*Wani ma'aikaci, daga Kurna*

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri. Maganar maiɗakinka gaskiya ce, ka riƙe ta. A wannan sana'ar na shiga gidajen gado da yawa, na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan kwanon da aka sa shekaru da suka wuce. Wanda ya sa yana ganin bashi ne a kan gidan, sauran suna ganin kyauta ya yi wa uwarsu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba a dai faɗa ba ne tun farko. Nauyin da kake ji yau ƙarami ne a kan wanda za ka ji a gaban alƙali.

Ka fara da zuciyarka: kyauta ce ko za a biya ka idan an zo rabo? Duk wanda ka zaɓa babu aibu. Sannan ka tara kowa kafin ka je Ƙofar Ruwa sayen kaya, har da ƙannenka mata da ke gidajen aure, don su ma magada ne, kuma su aka fi mantawa a irin wannan zama. Ka faɗi abin da za a yi da abin da zai ci. In bashi ne a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka kawo baƙon abu. Ku sa baffa ko mai unguwa ya shaida, ka ajiye rasit na kwano da katako da ƙusa. Yadda za a lissafa shi a cikin rabo kuma, ku kai wa malamin da ya san gado tun yanzu.

A kan aikin kansa, kwano ya riga tayil. In kuɗin ba zai kai duka ba, a rufe sama bana, ƙasa ta jira. Kuma ka tambayi Hajiya ko tana son tayil ɗin. Tsofaffi da yawa suna tsoron santsinsa, musamman a wajen alwala da banɗaki. In za a sa, a sa mai kaushi.

Shi kuma ɗan baffanku, da wannan zarton yake ciyar da iyalinsa. Ranar da ya yini a kan rufinku, ranar bai je wani aikin ba, yaran da zai zo da su kuma sai ya sallame su da yamma. Kada ka ce masa "zo ka duba mana" ka yi shiru. Ka ce ya faɗi kuɗin aikin kamar yadda zai faɗa wa bare. In ya rage don zumunci, ka gode masa a gaban mutane. In ya rantse ba zai karɓa ba, ka biya yaransa kai tsaye, ka ɗauki nauyin abinci da kuɗin mota, ka aika wa iyalinsa da wani abu. Ku kuma yi magana tun yanzu cewa idan ruwan farko ya sauka aka ga yoyo, zai dawo ya gyara, don mutane suna jin kunyar kiran ɗan'uwa a kan aikin da ya yi kyauta, sai a zauna da yoyon damina guda.

Takardar da za ku rubuta kowa ya sa hannu, a ɗauki hotonta a waya a tura wa duk magadan, asalin kuma a ba Hajiya ta ajiye.